Ki Shiga Ɗakin Likita Tare da Shi

Gwammaja, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Zariya lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki tarar da mutanen gidanki cikin ƙoshin lafiya. Na sa wannan takarda a saman jakar hannunki don ki gan ta da wuri. Ki karanta ta a mota, kada ki bari sai kin isa.

Na san za ki yi mamaki. Tunda aka haife ki ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kuma sunan kakarki aka sa miki, kunyar ta zama biyu. Ko ranar da za a kai ki ɗakin miji, Gwaggonki Rabi ce ta yi miki faɗa, ni ina ɗaka ina ta gyaran tabarmar da ba ta karkace ba. Yau ma da baki ne ba zan iya ba. Amma na yi shekaru ina koyarwa a firamare, biro ba ya ba ni kunya kamar yadda idonki yake ba ni.

Kin zo kin ce mana hutu kika zo. Matar da mijinta bai daɗe da tashi daga tiyata ba, ba ta zuwa hutu da babban akwati. Na gani, na yi shiru. Sai da Gwaggonki ta zo ta rufe ƙofa ta gaya min abin da kika gaya mata. Ta ce tunda aka yi wa mijinki, Baban Walida, aikin ciwon daji na furostet, wato ƙullin nan na ƙasan mafitsarar maza, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, ba ya haɗa ido da ke, in kika yi kwalliya sai ya tsiri fita. Daga ƙarshe ya ce miki idan kina so zai sawwaƙe miki. Ta kuma ce kin yarda za ki koma ne kawai don Babanki ya ce ki koma, amma a ranki sauran kayanki za ki je ki haɗa, ki ce masa ya rubuta.

To, ki saurara. Ni ma an taɓa faɗa min wannan magana, a cikin gidan nan da kika kwana, kuma Babanki ne ya faɗa.

Kin tuna shekarar da aka yi masa nasa aikin. Kin zo kin duba shi a asibiti da goyon Walida, kin koma. Abin da kika sani shi ne an cire ciwon, Allah Ya ba da sa'a. Abin da ya biyo baya ba wanda ya sani cikin 'ya'yanmu.

Kin san yadda muke yi a garin nan. In namiji ya kwanta, 'yan'uwansa maza ne ke kai shi asibiti, su ke shiga wajen likita, su ke sa hannu a takarda. Mace tana gida tana dama kunu, tana zuba farfesu a kula, tana karɓar 'yan dubiya. Ni ma haka na yi, kuma ina jin kaina mace ta gari. Baffanki Sani ne ya yi ta shige da fice da shi tun daga gwajin farko har ranar sallama. Kullum ya dawo zan tare shi a tsakar gida na ce, "Me likita ya ce?" Shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi, komai yana tafiya daidai." Ban taɓa tambayar abin da ya wuce haka ba.

Sai daga baya na ji abin da ya faru a ɗakin. Tun kafin aikin, likita ya fara yi musu bayani cewa bayan an cire wannan ƙulli da ke ƙasan mafitsara, ƙarfin namiji yakan yi rauni, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya, kuma akwai abin da ake yi a kai. Ki duba fa, Baffanki a hannun Babanki ya tashi, shi ya yi masa aure. Yana zaune a gefensa ana wannan magana. Sai Babanki ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, a bar wannan zancen. Rai muke nema." Likita ya ce to, amma a zo da uwargida wata rana ya yi musu bayani su biyu. Wannan saƙo a bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, bai taɓa isowa Gwammaja ba.

Na tambayi Gwaggonki wa ya yi ta shiga da Baban Walida. Ta ce wansa ne. Ban yi mamaki ba. Ke ma ina jin kunu kika yi ta damawa.

Da Babanki ya dawo gida aka cire masa robar fitsari, jiki ya fara kyau, ya koma shagonsa na huluna a Kurmi. Sai ya ce ɗakin zaure ya fi iska, can zai riƙa kwana. Na ce to, mai jinya ne. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, iskar nan ba ta ƙare ba. Yana shigowa ya ci abinci kansa a sunkuye, ya ce sannu da aiki kamar baƙo, ya fice.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka ni ce. Na tsaya gaban madubi na ƙirga furfurata da ido, na ce shi ke nan, an gaji da ni. Kada ki yi dariya, ko ki yi, ai ba na ganinki: ni da jikoki, na aika aka kirawo min wata mai kayan mata daga Gwale. Ta zo da jakarta ta baje min tsumi da gumba da turaren tsuguno, har da wata kaza da ta ce ta amare ce, na zauna na cinye ta ni kaɗai a ɗaka kamar ɓarauniya. Na yi lalle hannu da ƙafa. Da la'asar ya shigo, na kawo masa ruwa, na miƙa da hannu biyu yadda zai gani. Ya kalli lallen, ya kalli fuskata, ya ajiye kofin ko kurɓa bai yi ba, ya tashi ya fita. Ranar na yi kuka sosai, kukan da ban yi ba ko ranar da aka shiga da shi tiyata.

Ni na karanta ƙyama a fuskarsa. Ashe tsoro ne da baƙin ciki. Abin da na yi masa kamar a ajiye wa mai ciwon haƙori kilishi ne a gaba a tsaya ana kallonsa. Don haka, Ummi, ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Ba ke ba ce. Ba tsufa kika yi ba, ba wani abu kika rasa ba, ba kuma wanda ya yi muku asiri. Wuƙar likita ce ta bi ta kusa da wasu jijiyoyi, kuma dole ta bi ta nan in ana son a raba shi da ciwon.

Kuskure na biyu tare muka yi shi. Wata rana ina share ɗakin zauren na ga jarkoki da ƙulle-ƙulle a bayan katifa. Na tambaye shi, ya ce basir ne ya sa shi gaba. Kin san mazan garin nan, duk abin da ya same su daga cibiya zuwa gwiwa, basir ne. Wallahi har daɗi na ji, don an samu suna, kuma sunan da ba ya ba kowa kunya. Na ɗaura zani na shiga taya shi. Ni ce mai tafasa sassaƙe, ni ce mai jiƙa saiwa, ni ce mai tacewa a zuba a gora. In motar masu magani ta tsaya a bakin titi da lasifika, sai na kasa kunne daga cikin gida ina jin ko za a ambaci irin namu. Bawan Allah ya yi ta zawo har wuyansa ya fito, babbar riga ta koma rataye a jikinsa.

Ƙarshenta wata rana da azahar maƙwabtansa na kasuwa suka kawo shi a Adaidaita Sahu, jiri ya kwashe shi a shago, kansa kamar zai tsage, yana ganin komai dishi-dishi. Wani garin magani ya saya a hannun mai talla ya sha da shayi. Daga baya likita ya gaya mana cewa wasu daga cikin irin waɗannan ana daka ƙwayar asibiti ne a cakuɗa a ciki ba awo ba ƙa'ida, kuma in mutum yana shan wasu magungunan zuciya suka haɗu, jininsa na iya faɗuwa ya tafi ke nan. Allah ne Ya tsare. Idan kin koma ki duba bayan kujeru da cikin mota. In kin ga jarka kada ki yi faɗa, kada kuma ki tafasa masa ko ganye ɗaya. Ki ajiye, ku tafi da ita asibiti likita ya gani.

Bayan wannan ne ya faɗi maganar. Da hantsi ne, ina zaune a gindin rijiya ina yanka kuɓewa. Ya fito da shirin kasuwa, ya tsaya a kaina, bai zauna ba. Ya ce, "Malama, ina son magana." Haka yake kirana tun ina aiki. Na ce ina ji. Ya ce, "Kina da haƙƙi a kaina, kuma na kasa. Ba na son na tsaya gaban Allah da wannan. In kina so, na sawwaƙe miki. Ba zan riƙe ki a raina ba."

Na ajiye wuƙar. Abin da kunnena ya ji shi ne, tashi ki bar min gida. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Bayan shekarun nan duka, yau ka ga hanya? To ka rubuta mana, me kake jira?" Ya gyara hularsa ya fita. Ni kuma na haɗa kaya na tafi Gwale gidan iyayena. Kin tuna lokacin da aka ce muku na tafi jinyar Inna? Inna lafiyarta ƙalau, har ita ke yi min tuwo.

Ban san iya inda abin zai kai ba da Baffanki Sani bai zo ba. Kin san shi da ni, ƙanin miji ne, bai taɓa shigowa gida bai tsokane ni ba, ko ya ce miyata ba gishiri ko ya ce na tsufa a sake min ɗaki. Ranar ya zo Gwale ya yi sallama a zaure, na fito, na ga mutum ya zauna a ƙasa yana wasa da makullin mashin. Ba tsokana ko ɗaya. Sai ya ce, "Yaya, akwai saƙon da aka ba mu, ban isar ba. Likita ya ce a zo da ke. Tun kafin aiki ya faɗa, ya sake faɗa bayan aiki." Na ce, "Ni? Me na yi?" Ya ce, "Ba abin da kika yi. Magana ce da ba ta bakina ba ce, ba kuma ta kunnena ba. Ta yaya zan fara?" Sai ya miƙe ya ce, "Gobe ce ranar komawarsa asibiti, ni kuma ƙafata ciwo take, ba zan iya raka shi ba." Na bi shi da kallo har ya hau mashin, tafiyarsa garau, ko ɗingishi bai iya yi ba.

Washegari na sa mayafina na je na tsaya a ƙofar gidanmu. Babanki ya fito ya gan ni, ya duba bayana ko zai ga Sani. Na ce, "Ƙafarsa ke ciwo." Muka kama hanyar asibiti.

Ba zan ɓoye miki ba, zaman layin nan da nauyi. Benci cike da dattawa, kowa da ɗansa ko ƙaninsa, ni kaɗai ce mace. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "Hajiya, ɓangaren mata yana can gaba." Na ce, "Na sani, Baba, nan na zo." Da aka kira sunan Babanki na miƙe tare da shi, ya juyo ya ce ƙasa-ƙasa, "Ki jira ni a nan." Na yi kamar ban ji ba. Wannan rashin jin shi ne abu mafi amfani da na yi a duk jinyar nan, ya fi duk kunun da na dama.

Likitan bai wuce sa'ar ƙaninki ba. Ya ce, "Mama, sannu da zuwa, mun daɗe muna jiranki." Ya jawo takarda ya zana mana ƙullin da aka cire, ya zana wasu siraran jijiyoyi biyu da suka bi ta gefensa kamar zare. Ya ce su ne ke kai saƙo jini ya taru namiji ya samu ƙarfi. Wajen aiki ko an yi ƙoƙarin kare su sukan wahala, sai su yi kamar sun yi barci. Wasu sukan farfaɗo a hankali, abin ya ɗauki watanni masu yawa, har ya haura shekara. Wasu sukan dawo rabi. Wasu ba sa dawowa. Ya ce ba zai yi mana alkawarin da ba a hannunsa yake ba, amma akwai hanyoyin taimako, kuma an fi son a fara da wuri, don in wurin ya daɗe jini ba ya zagawa yakan ƙara taurin kai. Da ya faɗi haka na tuna watannin da muka ɓata a kan tukunyar sassaƙe.

Babanki dai takalminsa yake kallo. Da na ga ba zai yi magana ba, sai halin aji ya motsa min, na shiga jero tambayoyi. Na ce basir ne? Ya ce a'a. Na ce ko tsufa ne? Ya ce shekaru da hawan jini da ciwon suga suna ƙarawa, amma ba su ne tushen ba. Na ce to akwai abin da ni zan sha ko na yi? Ya yi murmushi ya ce, "Abin da za ki yi kin riga kin fara, tunda kin shigo."

Sai can Babanki ya yi gyaran murya, har yanzu bai ɗago ba, ya ce, "Likita, shi wannan ciwon, ana shafa wa iyali?" Likita ya ce, "Ko kaɗan, Alhaji. Ba a ɗaukarsa ta wannan hanya, kuma kusantar iyali ba ta dawo da shi." Na juya na kalle shi. Ashe duk watannin nan, bayan kunyar kasawa, yana ɗauke da tsoron kada ya sa min ciwon daji, shi kaɗai a ɗakin zaure, ni kuma ina ciki ina cin kazar amare. Tausayinsa ya kama ni. Na kuma ji haushin kaina, na ji nasa, duka a lokaci guda.

Zan gaya miki abin da aka gwada mana don kada ya zo miki baƙo, amma ki sani kowane jiki da nasa, likitansa ne zai faɗi wanda ya dace da shi. Da ƙwaya aka fara, bayan an duba duk magungunan da yake sha da lafiyar zuciyarsa. An ce mana ba a yanke mata hukunci daga gwaji ɗaya ko biyu, kuma ba ta aiki ita kaɗai in rai ba a kwance yake ba. A wajenmu ta taimaka kaɗan, ba ta kai ba. Sai aka kawo wata na'ura kamar doguwar kwalba mai zuƙe iska ta jawo jini, da zoben roba da ba a barinsa ya wuce rabin awa. Ranar da muka buɗe kwalinta, wata Juma'a ce da hantsi, gida ba kowa. Muka zauna bakin gado, shi da tabarau ni da tabarau, muna juya takardar bayani sama da ƙasa. Ya ce, "Malama, ke da kika yi boko, ta ina ake farawa?" Na ce, "A makarantar horon malamai ba a kawo mana wannan darasi ba." Ya fashe da dariya, na fashe, har sai da hawaye ya zubo mana. Rabon da na ji dariyarsa tun kafin ya kwanta. Ranar ba abin da na'urar ta yi, amma da yamma da kansa ya naɗo katifarsa daga zaure.

Daga baya aka koya masa wata 'yar allura siririya da ake yi a wurin. Da farko ya ce shi kam a kai kasuwa, sai da likita ya yi masa ta farko a asibiti ya ga ba abin tsoro ba ce. Ita ce ta fi yi mana amfani. An ja mana kunne kada a ƙara awo da ka, kuma in abin ya daɗe awanni bai kwanta ba a garzaya asibiti, kada a tsaya kunya. An ambata mana cewa akwai wani aikin dashe da ake yi in duk waɗannan sun gaza, ba mu kai can ba. An kuma gaya masa tun da wuri cewa bayan irin wannan tiyata ruwan namiji ba ya fita, amma jin daɗi bai tafi ba, don kada ya gani ya tsorata. Likita ya sa shi tafiyar ƙafa, shi ya sa har yau kike ganin yana zagaya gindin Dala bayan asuba. In kuma an ƙara wa Baban Walida gashin ciwon daji da na'ura ko allurar da ke kwantar da sinadarin maza, ki tambaya, don ita allurar har sha'awar takan ɗauke, kuma wannan ma ba laifin kowa ba ne.

A nan ma sai da na yi wani kuskuren. Da na ga an samu hanya, sai na mayar da abin jarrabawa. Na riƙe lokacin magani, ina tuna masa, ina kallon fuskarsa, ina cewa, "Yaya dai? Akwai canji?" Wata rana ya ce min, "Malama, ni fa ba ɗan ajinki ba ne." Na ji kunya, don gaskiya ya faɗa. Namijin da ake jira a ga sakamakonsa ba ya iya komai, ko lafiyarsa ƙalau. Daga nan na koyi zama kusa da shi ba don komai ba. Na matsa masa ƙafa, mu yi hira, na kwanta a gefensa mu yi barci, in an samu ƙari alhamdu lillahi, in ba a samu ba gari ya waye a sha koko. Ki fara da wannan. Ki mayar da shi ɗaki tukuna, sauran ya biyo baya a kan lokacinsa.

Ba zan ce miki komai ya koma yadda yake da ba. Bai koma ba. Wani abu ya dawo, wani bai dawo ba, shekaru kuma suka zo suka karɓi nasu. Akwai ranakun da ya yi fushi ya jefar da kwalin a bayan ƙofa, akwai ranakun da ni ma na gaji. Ke kin fi ni ƙuruciya a lokacin, kuma ba zan raina abin da kike ji ba, haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne ki so mijinki. In kun bi duk hanyoyin nan da gaskiya, shekara ta juya, kika ga ba za ki iya ba, ƙofar gidan nan a buɗe take, ba mai zaginki ina raye. Abin da ba na so shi ne ki yanke hukunci a kan abin da ba ki taɓa jin bayaninsa ba, shi ma wataƙila bai bari an gama yi masa ba.

Maganar nan kuma ta tsaya a kan Gwaggonki. Kada ta je gidan biki, kada ta je wayar ƙawaye. Kowa zai kawo miki mai magani, kuma mijinki zai ga abin a idon mutane in ya fita. Namiji yakan jure ciwo, amma ya ji ana ƙus-ƙus da sunansa a kan wannan, da wuya ya sake sakin jiki da ke.

Kada ki zaci na tona asirin Babanki ba da saninsa ba. Jiya bayan la'asar na same shi yana goge huluna, na ce ina so na rubuta miki, kuma ba zan iya ba sai na faɗi namu. Ya daɗe yana juya hula ɗaya a hannunsa, kunnuwansa har sun yi ja. Na ce in bai yarda ba na fasa. Ya ce, "Rubuta. Ni na san abin da yaron nan yake ji. Ranar da na gaya miki maganar nan, ina fita ban je kasuwa ba. Masallacin unguwa na shiga na zauna, ina roƙon Allah kada ki ce to." Shekara da shekaru muna tare bayan nan, sai jiya na ji wannan. Ni da na ce masa ya rubuta.

Ummi, mijinki ba korarki ya yi ba. Tambayarki ya yi ko za ki zauna da shi a haka, ya rasa yadda ake tambaya, ke kuma kika ɗauki akwati ba ki ba shi amsa ba. Tun ranar yana can yana jira. In kin isa, kada ki wuce ɗaki, kada ki tsaya sauke kaya. Ki same shi inda yake, tun kafin ki cire mayafi, ki ce masa ba ki son takardarsa. Sannan ki tambaye shi ranar komawarsa asibiti, ki ce a gaya wa wansa ya huta.

Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa, Ya hana ciwon dawowa, Ya sanyaya zuciyarki, Ya rufa muku asiri duniya da lahira. Ki gaishe da Walida da ƙannenta. Ki gaishe shi, ki ce ina yi masa sannu da jiki. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya sa ki tarar da shi a gida.

Wassalam.

Mahaifiyarki.